Ambaliyar Da Na Kai Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na kai wa surukaina ambaliya har ƙofar gida, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ɗigon gajimare babu a sararin Dogon Dutsi. Har yau idan aka taru ana hira wani ya ɗauko zancen, sai in yi kamar ana kirana a salula in sulale waje.

Bari in fara da pisin, don shi ya jawo komai. Alhaji Idi ɗan wan babana ne, yana kasuwanci a Kwatano. Da Allah ya buɗa masa, sai ya zo ya gina wani makeken gida a sabuwar unguwa, can wajen gindin dutse. Bene bai ishe shi ba, sai da ya sa aka haƙa masa ramin wanka a bayan gida, aka manne shi da tayil shuɗi irin wanda ya gani a otal-otal na bakin teku. Wannan ramin shi ne pisin. (Alhaji Idi bai iya iyo ba. Iyakar abin da yake yi shi ne ya naɗe wando ya zauna a baki, ya tsoma ƙafa, ya ce a ɗauke shi hoto.)

Da yake ba mazauni ba ne, sai ya damƙa mini makullan gidan. Lokacin ina tuzuru, ina koyar da labarin ƙasa a wani kwaleji cikin gari, kowa na kirana Mushe. (Haka ake ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu, kada mutanen ƙetaren iyaka su zaci wani abu.) A ɗan ɗakin bakin ƙofa nake kwana, amma idan aka tambaye ni inda nake zaune, benen nake nunawa da hannu, ba na ƙara bayani.

To, ɗauke wuta da kawowa ya ƙona injin da ke tace ruwan pisin. Tun ruwan yana shuɗi ya koma ruwan toka, daga nan ya zama kore shar kamar miyar kuka. Kwaɗi suka tare a ciki da iyalansu. Na juye masa jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ko zai washe, bai washe ba, sai dai wari da ya zama iri biyu. Ana cikin haka Alhaji Idi ya kira ni ya ce yana nan tafe da iyali da baƙi.

“Ina fata pisin na nan garau?” in ji shi.

“Garau, Yaya Alhaji,” na ce, ina kallon wani ƙaton kwaɗo, shi ma yana kallona.

Na yanke shawarar in kwashe ruwan kaf in wanke ramin. Wani abokina mai lambu a Kore Mairuwa ya ɗoro mini injin ban ruwa da doguwar tiyo a motar kasuwa. Ranar da ba ni da aji ita ce Asabar, don haka na sa Asabar.

Sai dai Asabar ɗin tana da wani aikin. A lokacin ina neman auren Balkisa, ma'aikaciya a ɗakin haihuwa, kuma magabatana sun riga sun je gaisuwa. Mahaifinta, Malam Gado, tsohon direban babbar mota ne, mutum mai tsadar magana da tsadar dariya. Abin da ya ce musu kawai shi ne, “Mun ji, za mu yi shawara.” Tun daga nan shiru. Ga kuma yayanta, Maman Sani, mai shagon kayan salula, matashi mai gemu da tsantseni a addini, wanda bai taɓa ɓoye cewa ban kwanta masa ba. Yadda yake jan “Musheee” idan zai kira ni, ban taɓa tabbatar da wanne yake nufi ba. To, matarsa ce ta haihu, kuma ranar Asabar ɗin ce suna. Balkisa ta ja mini kunne: “Ka zo da wuri, ka zauna inda Baba zai gan ka. Kuma don Allah ban da yawan magana.”

Da aka fito sallar asuba na ɗaura injin a bakin pisin, na zura tiyo ta rariyar katangar baya zuwa wani kango da ke bayan gidan. Na ja igiya, injin ya tashi. Na zagaya na tsaya na ɗan lokaci ina kallon yadda yashin kangon ke shanye ruwan kamar mai azumi. Na ce a raina, ai shi ke nan, kafin in dawo ƙasa ta shanye abinta, har ma na yi wa ciyawa sadaka. Na shiga na yi wanka, na saka farar shaddata da na jima ina ajiya, na fesa turare, na kulle gida, na tare kabu-kabu.

A nan ya kamata in faɗi wani abu. Kullum ta titin kwalta nake bi zuwa gidan su Balkisa, a zagaya ta kasuwa sannan a shigo unguwarsu, don haka a kaina gidan yana da nisa sosai. Ban taɓa lura cewa idan aka bi ta lungu, yana nan gangare daga bayan gidan Alhaji Idi ba. (Ni ne fa nake zana wa yara tudu da kwari a allo, ina ba su sifili idan suka kasa faɗin inda ruwa ke nufa.)

Na iske an kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi da dardumai, maza sun fara cika. Can gefen katanga mata sun jera murhu, manyan tukwane na tafasa. Na gaida Malam Gado har ƙasa, ya amsa da kai. Na samu wuri kusa da shi na naɗe ƙafa, na yi fuskar mutanen kirki. Aka raɗa wa yaro suna, aka yi addu'a, aka fara rabon dabino. Sannan wani matashin malami, abokin Maman Sani, ya miƙe zai yi ƴar nasiha. Ya daɗe yana yi, ni kuwa ina ta gyaɗa kai fiye da kowa don a gani.

Wani tsoho da ke can ƙarshen tabarma ne ya fara zabura ya dafe bayansa.

“Kai! Wa ya zubar da buta?”

Ba buta ba ce. Wani koren ruwa ne ya kwararo daga lungun sama, a hankali, ba gaggawa, kamar shi ma an gayyace shi. Kafin a ankara ya shige ƙarƙashin tabarmi. Takalman da aka jera a baki suka tashi suka kama hanya. Dattawa suka miƙe suna tattare riguna, wani yana bin hularsa, wani yana ɗaga faifan dabino sama. Malami ya tsaya da nasiha a tsakiyar jimla, ya haye benci. Sai muka ji ihun mata: ruwa ya shiga murhu, wuta ta mutu a ƙarƙashin tukwane, hayaƙi da tururi suka turnuƙe wurin. Hajiya Hajo, mahaifiyar Balkisa, ta fito riƙe da ludayi tana salati, tana kallon sama ko hadari ne ba ta gani ba.

Yanzu da na yi shiru kamar yadda aka umarce ni, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na ga dama ta samu da zan nuna wa Malam Gado irin surukin da Allah ya kawo masa. Ni a zuciyata na riga na gama shari'a: akwai wani mai wankin babura a saman layin, wanda ya taɓa fallatsa mini ruwa bai ba ni haƙuri ba. Na gyara tsayuwa, ruwa na wanke mini idon sawu, na ɗaga murya.

“Jama'a, wannan jahilci ne tsagwaro! Duk wanda ya saki ruwan nan bai san haƙƙin maƙwabci ba, bai san darajar ruwa ba. Mata na kwana a layin famfo, shi yana malalar da shi a titi? Irin waɗannan mutane su ke mayar da garin nan baya!”

Har da ɗan Faransanci na zuba a ciki don abin ya yi nauyi. Na ga mutane na gyaɗa kai, sai na ƙara wuta.

“A bi ruwan nan har inda ya fito! Ko wane ne shi, ko ɗan wane ne, a kai shi gaban mai unguwa. Ni zan shige gaba!”

Maman Sani ya dube ni da wani irin kallo da ban taɓa samu daga gare shi ba. “Wallahi Mushe ka yi magana,” ya ce. Malam Gado ma ya ɗauki sandarsa ya ce, “Mu tahi.” Na ji kaina ya yi girma. Ta ƙofar zaure na hango Balkisa tana yi mini alama da ido in yi shiru, na ɗauka yabo ne.

Haka muka ɗunguma, ni a gaba riƙe da bakin shadda, dattawa da samari a baya. Muka iso wurin mai wankin babura. Ko buɗewa bai yi ba, wurinsa a bushe ƙamas, ruwan ya wuce ta gabansa daga can sama.

Muka ci gaba. A kwana ta gaba muka iske amalanken jaki ta kafe a taɓo, mai ita yana zagin wanda ya yi wannan aiki har kakanninsa. (Kakannina ke nan, Allah ya ji ƙansu, ba su san hawa ba ba su san sauka ba.) Ya bar jakin ya biyo mu. Gaba kaɗan wata tsohuwa tana kwashe ruwa daga zaurenta da ƙwarya, agwaginta kuwa suna ta shagali, su kaɗai ne suka yi murna a unguwar ranar. Ita ma ta yafa mayafi ta shiga sahu.

Wani saurayi ya duƙa ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya ce, “Ikon Allah, ku ga ƴaƴan kwaɗi a bazara!” Wani ya shinshina ya ce, “Kuma warin jabel shikai, kamar asibiti.”

A nan ne na tuna da jabel ɗin da na juye a pisin. Na ɗaga kai, sai ga benen Alhaji Idi yana leƙo ni ta saman gidaje, kusa ƙwarai, kusa fiye da yadda ya kamata. Can ƙasa-ƙasa kuma ina jin tu-tu-tu-tu na injin ban ruwa.

Na tsaya. Na juyo da murmushin da ni kaina na san bai zauna daidai ba.

“Baba, ina ganin mu koma haka nan. An bar baƙi su kaɗai. Kuma ka san ɗan Adam ajizi ne, wataƙila kuskure ne, a yi wa mutum uzuri.”

“A'a Mushe,” in ji Maman Sani, “kai da bakinka ka ce ko ɗan wane ne. Ai mun kusa.”

“Rana ta fara zafi, ga dattawa…”

“Mu da munka yi tuƙi cikin Sahara?” in ji Malam Gado. “Wuce mu tahi.”

Na wuce. Ban taɓa tafiyar da ta kai wannan tsawo ba, alhali ba ta fi jifa biyu ba.

Kangon da na bari yana shan ruwa ya ƙoshi tuni, ya zama tabki. Ashe yashin sama-sama ne, ƙarƙashinsa marmara ce, ruwan ya taru ya samu tsohuwar hanyar da yake bi da damina ya gangara. A can ƙuryar kangon, inda ban leƙa ba da safe, Bawa maƙwabcinmu ya shanya tubalin da ya buga zai ɗaga ɗaki. Yanzu babu tubali, sai kunun laka. Bawa na tsaye a ciki, hannu biyu a ka. Ga tiyo nan ta leƙo daga rariyar katanga tana ta amai, ba ta san abin da ake ciki ba.

“Gidan wa ne wanga?” Malam Gado ya tambaya.

“Na Alhaji Idi ne, ba shi gari,” wani ya ce.

“To wa ke riƙe da shi?”

Kafin in buɗe baki sai Bawa ya juyo ya gan ni.

“Yawwa Mushe! Tun ɗazu nike bugun ƙofa! Don Allah buɗe ka kashe injin ga naka!”

Duk idanu suka dawo kaina. Na zaro makullai daga aljihun shadda, na yi ta lalube na kasa samun ramin kwaɗon ƙofa. (Wani kwaɗon ke nan. Ranar ko ta ina kwaɗi ne suka kewaye ni.) Maman Sani ne ya karɓa ya buɗe mini, cikin ladabi, wanda ya fi mari ciwo.

Na ruga bayan gida don in kashe injin, jama'a suka biyo ni, don da yawansu sun daɗe suna jin labarin pisin ba su taɓa gani ba. Bakin ramin ya jiƙe, ga gansakuka. Na miƙa hannu zan murɗa makashin, takalmina ya zame, na tafi da baya, na sulale cikin ramin kamar buhun gero. Ruwan da ya rage bai wuce gwiwa ba, amma duk kaurin dattin a nan ya taru. Na miƙe, na sake zamewa. Na kama bango, tayil ya ƙi ni. Farar shadda ta koma kalar ganyen yakuwa, hulata na yawo a gefe, kwaɗi na tsalle ta kafaɗata. Da na ɗaga kai, fuskoki ne zagaye da bakin rami suna leƙo ni, har da tsohuwa mai agwagi.

Mai amalanke ne ya kashe injin. Cikin shirun da ya biyo baya sai na ji wani sauti kamar tsohuwar mota na ƙoƙarin tashi. Malam Gado ne. Ya dafa sandarsa, kafaɗunsa na girgiza, hawaye na bin gemunsa. Dariya yake yi. Da sauran suka ga haka, sai wuri ya ɓarke. Ya daɗe kafin ya samu numfashi, sannan ya miƙo mini sandar.

“Kama, Mushe. Hito mu kai ka wurin mai unguwa, tunda kai ka ce.”

Ba a kai ni ba, amma da an kai ni da ya fi sauƙi. Da yamma na canza kaya na je ba Hajiya Hajo haƙuri. Na durƙusa a tsakar gida, mata cike, kowa ta bar abin da take yi. Abincin suna bai sauka ba sai bayan la'asar, shinkafar ma ta yi ɗanye-ɗanye. Hajiya ta bar ni na gama jero haƙurina, sannan ta ce, “Ba komai ɗana. Amma ranar bikinku ka gaya muna da wuri, mu ɗora tukwane bisa soro.” Balkisa tana bayan ƙofa ta toshe baki da mayafi. Da na fito ta biyo ni zaure ta ce, “Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya tak.”

Sauran abin da ruwan ya bari ya ɗauki lokaci. Duk yammar da na taso daga lakwal sai in tuɓe in shiga kwaɓa laka tare da Bawa, har muka mayar da tubalinsa, ɗalibaina na wucewa suna gaishe ni da ƙarfi don kowa ya ji. Kududdufan da suka kwanta a lungu suka haifar da sauro a lokacin da ba a saba ganinsa ba, aka raɗa masa suna sauron Mushe. Pisin kuwa, da na bar shi fanko a ranar bazara ina can ina bugun tubali, tayil ya ɗaɗɗago, ƙasan ya tsage. Alhaji Idi ya iso ya tsaya a bakin ramin ya daɗe yana kallo.

“Wannan ne garau ɗin?” ya ce.

Na ba shi labari tun daga farko. Da na zo wurin jawabina sai ya zauna a ƙasa don dariya, ya sa na maimaita wa baƙinsa. Daga baya ya sa aka cika ramin da ƙasa da taki, yanzu zogale da yakuwa ne a ciki, kuma a karon farko gidan ya ga amfanin wurin.

Ni dai na riga na fidda rai da Balkisa. Sai ga saƙo Malam Gado yana neman magabatana. Kawuna da ya dawo ya ce mini an ba ni. Na ce, bayan duk wannan? Ya ce ai ya tambayi dalili, Malam Gado ya ce da yana tsoron ba ɗan boko ɗiyarsa saboda girman kai, amma mutumin da rabin gari ya gani a cikin rami da kwaɗo a kafaɗa, ba shi da sauran kan da zai ɗaga wa kowa. Maman Sani ma ya sauko. Ɗan nasa da aka yi wa suna ranar, Abdurrahman, ba mai kiransa da haka, kowa Ɗan Ruwa yake ce masa, kuma duk wanda ya tambayi dalili, wurina ake turo shi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan ɓarna ta auku a taro, yanzu ni ne na ƙarshen magana. Ina bari kowa ya gama zagin mai laifi, ni kuwa ina zaune shiru ina tuna abin da na baro a kunne a gida. Idan aka matsa mini aka ce, “Mushe, kai mi ka gani?” sai in ce, “Allah ya shirye shi, ko wane ne.” Kuma da gaske nake yi, don ban sani ba ko ni ne.